Yadda Na Ja Hancin Akawun Gwamna a Lokoja

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Lokoja ba. Ko da ma na so in manta, dangin matata a Shagari sun ɗauki nauyin tuna mini, kyauta, a kowane biki da kowane suna.

Ni malamin makaranta ne a Bodinga, tarihi nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Kuma ba yabon kai ba, na iya ba da labarin gari. In na tsaya gaban allo ina kwatanta yadda jiragen ruwan Turawa suka riƙa hawowa kogin Kwara, da yadda suka kafa bariki a Lokoja suka gina gidaje a kan ƙafafun ƙarfe, sai ka ga yara sun saki baki kamar a can aka yanke mini cibiya. Abin da ba su sani ba shi ne, malamin nasu bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Rima girma ba. Iyakar tafiyata Sakkwato, sai Birnin Kebbi da na taɓa zuwa ɗaurin aure (shi ma barci na yi a mota, zuwa da dawowa).

Mutum ɗaya ce ta gano ni: kakar matata Luba, wadda kowa ke kira Inna Tsohuwa. Akwai wasa tsakaninmu irin na kaka da mijin jika, kuma ba ta raga mini ko kaɗan. Duk ranar da muka je Shagari gaisuwa, ina durƙusawa za ta fara.

"Malamin tarihi! Hwaɗa min tsakaninka da Allah, ruwan ga da kaka ba ɗiyan mutane labari, ka taɓa ganin shi da idonka?"

Sai in ce, "Inna, ai ilimi cikin littahi yake."

Ta ce, "Awo. Ni ma na san Legas, na gan ta jikin kalanda."

Matan gida su kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe. Wannan duk mai sauƙi ne muddin Baffa ba ya kusa. Baffa shi ne mahaifin Luba, dogon dattijo mai kwarjini wanda maganarsa ba ta wuce "madalla" da "Allah shi kyauta". A gabansa na gina wa kaina suna na mutum natsattse. Ina sunkuyar da kai, ina magana ƙasa-ƙasa, in an kawo fura in kurɓa kaɗan in ture kwanon (alhali raina na cikinsa). Har labari ya zo mini cewa ya taɓa gaya wa wani aboki nasa ya yi dacen suruki mai hankali. Ranar da na ji haka, ko abinci ban iya ci sosai ba don daɗi.

To, ana nan sai yayar Luba da ke aure a Lokoja ta haihu. Mijinta hatsi yake saukewa a can. Aka zauna ana shawarar wanda zai raka Luba barka, tunda hanya ce mai nisa. Ga shi an yi hutun makaranta. Kafin a rufe baki na ce ni zan je. Na faɗe shi cikin sanyin murya, kamar wanda ya sadaukar da kansa don zumunci, amma a zuciyata ganga ake bugawa.

Shirin da na yi wa tafiyar nan, ko na aurena bai kai shi ba. Na kai wa telana a kasuwar Bodinga shadda ruwan sararin samaniya, na tsaya a kansa har ya gama. Na sayi sabuwar hula. Na cika waya da data, na kwana biyu ina kallon gidajen tarihi na ƙasashen waje, inda na ga yadda ake ƙera mutum-mutumi da kakin zuma, a sa masa tufafi da gashi da komai, a zaunar da shi a kujera, ka rantse numfashi yake yi. Wannan abu ya burge ni ƙwarai. Na nuna wa Luba, ta ce, "A'uzu billahi," ta ci gaba da ɗaure kayan barka.

Muka bi ta Yawuri da Kwantagora, muka sha zama har ƙafafuna suka kumbura. Amma da muka shiga Lokoja duk gajiyar ta bi iska. Jama'a, garin nan ya tafi da ni. Ni da na saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda kana Bodinga kana hango hadarin da zai sauka a Danchadi, sai ga ni a gindin wani ƙaton dutse kore shar, gari ya kwanta a ƙafarsa, ruwa kuma ya kwanta a ƙafar garin. Koguna biyu sun haɗu, kowanne da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar ba su gama sabawa ba. Ga kwale-kwale, ga mata da kifi wanda tsawonsa ya kai hannuna. Ga itatuwan mangwaro waɗanda mutum uku ba za su rungume ba. Sannan ga su nan, gidajen da na shekara ina zana wa yara a allo: na katako, a ɗage kan ƙafafun ƙarfe, da jan rufin kwano da ya sha ruwa, da baranda ta zagaye su kamar ɗamara.

Na zama kamar yaro ranar salla. Komai na gani sai na ɗauke shi hoto. Na ɗauki wani tsohon famfo. Na ɗauki wani ƙarfe da ke tsaye a bakin hanya wanda na tabbatar wa Luba bindigar Turawa ce (daga baya na ga an ɗaure akuya a jikinsa). Zafin garin kuwa irin mai jiƙa mutum ne, shaddata ta manne mini a baya, amma ko a jikina.

Washegarin suna na matsa wa Luba sai mun je gidan tarihi. Mijin yayarta ya ce mu bari ya dawo daga kasuwa ya kai mu. Na ce haba, ni da nake koyar da garin nan, wa zai nuna mini shi? Muka fita bayan azahar muka tari mai keken haya, mai ƙafa uku. Hausarsa kaɗan ce, Turancina kuma na aji ne, ya yi wa titi nauyi. Da hannu da baki dai na fahimtar da shi tsohon gidan Bature muke nema. Ya kai mu gindin wani hawa, ya ce keke ba zai iya ba, ya nuna sama ya ce, "Gidan katako, dogon baranda."

Da muka hau, sai muka tarar gidajen katako masu dogon baranda sun fi ɗaya. Ban ko yi shakka ba. Na zaɓi wanda ya fi kyau, mai furanni ja a bakin matakala da tagogin katako masu buɗewa waje, ƙofarsa a wangale kamar ana jiranmu.

Luba ta tsaya. "Malam, anya nan na? Ban ga allo ba, ban ga mai gadi ba."

Na ce, "Ke dai biyo ni. Gidan tarihi na gaske ba ya buƙatar talla."

"To, ga takalma bakin ƙohwa."

Na duba. Silifas ne na roba, ɗaya an ɗaure maɗaurinsa da waya. Na ce, "Na ma'aikata ne."

"Ga buta."

"Ma'aikata ba sa salla?"

"Ni hwa ƙamshin miya nika ji."

"Luba," na ce da ita, cikin irin muryar da nake yi wa ɗalibin da ya cika tambaya, "ma'aikata ba sa cin abinci?"

Ta gyara mayafinta, ta biyo ni. (Allah ya saka wa matar nan. Duk abin da ya biyo baya, ta yi iyakar ƙoƙarinta.)

A kan barandar ne shaiɗan ya raɗa mini wata shawara. Daga nan ana hango koguna biyun suna ƙyalli a ƙasa. Na ce a raina, yau Inna Tsohuwa za ta san da wa take wasa. Na zaro waya na kira Kulu, ƙanwar Luba, kiran bidiyo. Ta ɗauka. Ga su nan a tsakar gida a Shagari, matan gida a inuwar darbejiya suna ɓarar gyaɗa, Inna Tsohuwa a tsakiya a kan tabarmarta.

Na ce, "Kulu, kai wa Inna waya. Inna! Buɗe idonki da kyau. Mi kig gani?"

Na juya mata wayar wajen ruwa. Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika allon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah. Duk wanga ruwa na?"

"Duk ruwa na, Inna. Kuma ba jikin kalanda ba."

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Kai, daɗin da na ji a lokacin! Da na tsaya a nan, da yau ni ne gwarzon gidan. Amma sai na ce, "Ku dakata, ba ku ga komai ba. Yanzu za ni shiga da ku gidan gwamnan Turawa."

Na shiga, wayar a gaba, Luba a baya. An ɗauke wuta, falon ya yi duhu-duhu da sanyi, daɓen katako na ƙara a ƙarƙashin ƙafata. Kuma wallahi ku ma da kun shiga da kun ce gidan tarihi ne. Ga wani dogon agogon bango mai lilo. Ga kabad na gilashi cike da tangaran masu zanen fure. Ga hotuna baƙi da fari na mutane sanye da gajeren wando da doguwar safa. Ga wata rediyo mai jikin katako, girmanta ya kai akwatin lefe.

Na fara aiki. "Wagga rediyo da kuka gani, da ita gwamna yake jin labarin yaƙin duniya. Wanga agogo kuwa, tun daga Ingila anka ɗauko shi a jirgin ruwa." Ina faɗa, ana "Allahu akbar" daga Shagari. Ban san daga inda bayanan suke fito mini ba, zuwa kawai suke yi.

Luba ta taɓa wani filas da ke kan tebur, ta janye hannu. "Malam, da zahi hwa."

"Rana ta buge shi."

"Cikin ɗaki?"

A daidai lokacin ne idona ya sauka a kansa.

A can lungun falon, kusa da taga, akwai doguwar kujerar tamfol irin ta hutawa. A cikinta wani tsoho ne a kishingiɗe, siriri, da farar singileti da zane ɗaure a ƙugu. Gashinsa fari fat. Tabarau ya zamo masa zuwa tsakiyar hanci, jarida a buɗe a ƙirjinsa, sandarsa a jingine a gwiwa. Hasken taga ya sauka a goshinsa yana sheƙi kamar an goge shi da mai. Ko gezau ba ya yi.

Abin da na kwana biyu ina kallo a waya, ga shi a ƙasata, a gabana!

Na rage murya irin ta masu gabatar da shiri. "Jama'ar Shagari, ku natsu. Wanga da kuka gani, shi aka kira mutum-mutumi. Da kakin zuma aka yin shi. Wanga siffar akawun gwamna ta."

Na kai wayar daf da fuskarsa. Sai muryar Inna Tsohuwa:

"Kai yaro. Wanga ai mutum na."

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, ai nan gwanintar take! An yi shi don wanda bai taɓa wuce Dandin Mahe ba ya ce mutum na."

"Na ce maka mutum na. Ga jijiya nan ga wuya nai."

"Har jijiya suka sa wa, Inna. Turawa ba su wasa."

Luba ta ja mini riga. "Malam, don Allah mu tahi. Kamar na ga jaridar ta motsa."

"Iskar taga ce."

Ana cikin haka sai na ga matan da ke cikin allon suna gyara zama, suna jan mayafi. Wata doguwar inuwa ta faɗo a kan tabarma. Baffa ne ya shigo daga zaure, hayaniya ta jawo shi. Kulu ta miƙa masa wayar da hannu biyu. Fuskarsa ta bayyana, a ɗaure kamar kullum.

Mai hankali a nan zai gaishe shi ya kashe waya. Ni kuwa sai na ga dama ce ta samu in nuna wa surukina cewa natsuwata da ilimi a cikinta. Na rusuna (a tsaye, a falon mutane, da waya a hannu) na ce, "Baffa, barka da rana. Muna nan gidan tarihi, ina ɗan nuna musu aikin Turawa."

Ya ce, "Madalla."

Wannan "madalla" ita ta ƙarasa ni. Na koma kan mutum-mutumin da sabon ƙarfi. Na ce, "In ka lura, Baffa, sun yi ƙoƙari, amma aikin ɗan Adam ba ya rasa aibi. Dubi kunnuwan, ɗaya ya hi ɗaya girma. Kuma hancin, gaskiya sun zuba kaki da yawa. Babu mutumin da Allah ya yi da irin wanga hanci."

Na sa hannu na zare tabaran a hankali na maƙala a fuskata. Duniya ta dagule mini, amma na daure. Na cire sabuwar hulata na kafa masa a ka, na ɗan karkata ta gefe. Na ɗauki sandar na rataya a hannu. Na ji 'yan dariya daga Shagari, na ƙara samun ƙwarin gwiwa. Na durƙusa kusa da shi, kumatuna kusa da nasa, na ɗaga waya yadda za mu fito tare.

"Kuma don Inna ta daina gardama," na ce, "bari ku gani."

Na kama hancin da yatsu biyu. Na ja.

Abu na farko da na lura da shi, hancin da ɗumi. Na biyu, da laushi. Na uku, iska na fitowa daga cikinsa. Ƙwaƙwalwata na cikin tattara waɗannan bayanai ke nan, sai idanu biyu suka buɗe a hankali, suka juyo, suka tsaya a kaina. Sannan wata murya, ta cikin hancin da har yanzu yake hannuna, ta ce da Hausa tsantsa:

"Samari, in ka gama da shi, ina so in yi numfashi."

Ihun da na yi, an ce har maƙwabtan su Baffa sun ji ta cikin waya. Ban san ina da irin wannan murya ba, siririya, irin ta akuyar da aka taka wa wutsiya. Na yi jifa da wayar. Na zabura na nufi ƙofa, amma da tabaran mutane a idona ƙofar ta zama biyu, na zaɓi wadda babu. Na yi karo da bango, na dawo, na sami ta gaskiyar, na fita baranda, matakala ta ɓace mini, na gangara da mazaunai har ƙasa, na ƙare a cikin wani baho da aka jiƙa wanki. Ruwan sabulu ya yi sama ya dawo mini a ka.

Daga bayan gida wata mata ta fito a guje da ludayin miya a hannu. 'Yar tsohon ce. Ku duba abin da ta gani: baƙon namiji zaune a bahon wankinta, da tabaran ubanta a ido, da sandar ubanta a hannu. Ta ɗaga murya da wani yare da ban sani ba, amma kalma ɗaya ta fito da Hausa, kuma na gane ta sarai: "Ɓarawo!"

Nan wasa ya ƙare. Kafin in fita daga bahon, mutane sun fara fitowa daga gidajen da ke kewaye. Wani da faskare, wani da bel a naɗe a hannu. Wani saurayi ya cafki wuyan shaddata ya ɗaga ni tsaye. Ina so in yi bayani, amma duk Turancin da na karanta ya gudu, Hausar ma ta bi shi. Abin da kawai ke fita daga bakina shi ne, "Kaki... kakin zuma..." Luba ta fito baranda tana kuka tana cewa, "Wallahi malamin makaranta na! Wallahi ba ya sata!" Na hango kaina a labarai. Na hango shugaban makarantarmu yana karantawa.

Sai aka ji ana buga bangon katako da tafin hannu. Tsohon ne ya fito, yana dafa bango, da hulata har yanzu a karkace a kansa, da wayata a hannunsa. Ya yi wa mutanen magana da yarensu, gajeriya. Kowa ya juya gare shi. Ya ƙara wata, yana nuna hancinsa. Sai wanda ya riƙe ni ya sake ni, ya dafa gwiwa, ya fara dariya. Mai faskare ya yar da faskarensa. 'Yar tsohon ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Cikin ɗan lokaci duk unguwar ta ɗauka, har da wata tsohuwa da ta zauna a ƙasa tana share hawaye.

Ni dai ina tsaye, kumfa na gangarowa daga kunnena.

Tsohon ya miƙo hannu. Na hau matakalar da rarrafe na ba shi tabaransa da sandarsa. Ya saka, ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya dubi wayar. Ashe ba ta mutu ba. Duk abin nan da ake yi, Shagari na kan layi. Sun ga rufin ɗaki, sun ji ihu, sun ji "ɓarawo", sannan ga fuskar akawun gwamna ta cika musu allo.

Ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum, mutanen Sakkwato. Ni ne gunkin."

Na ji muryar Baffa. "Wa alaikumus salam. Ranka shi daɗe, Allah shi ba ka haƙuri. Don girman Allah a yi muna ahuwa. Yaron ga surukina na. Wallahi da muna ganin shi da hankali."

Da. Kalmar nan ta fi faɗuwar matakala zafi.

Tsohon ya ce, "A'a, yana da hankali mana. Ai bai tafi da hancin ba." Sai ya juyo gare ni, ya karya harshe irin namu, ya ce, "Kai kuma, mi kac ce game da kunnuwana?"

Na ce, "Baba, daidai suke. Wallahi daidai suke."

"Ƙarya kake. Ɗaya ya fi ɗaya. Matata ta shekara arba'in tana faɗa mini."

Daga cikin waya aka ji Inna Tsohuwa, da ƙarfinta: "Na hwaɗa mai! Ku shaida na hwaɗa mai mutum na!"

Ashe Baba tsohon malamin dabbobi ne, kuma a ƙuruciyarsa ya yi aiki a ƙasar Sakkwato, yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Gidan kuwa mahaifinsa ne ya saye shi tun da daɗewa, a ciki aka haife shi. Da ya ji an ce Shagari, sai ya ja kujera ya zauna a baranda, ya riƙe wayar da hannu biyu. Ya tambayi Baffa ko har yanzu ana samun irin nonon nan mai kauri a kasuwarsu. Ya tambayi wata rijiya, ya tambayi wata tsamiya. Baffa na amsawa, yana ƙarawa da nasa. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a jere ba, ga shi yana ba da labarin wata shekarar da ciwon shanu ya shigo, har yana kwaikwayon kukan saniya. Suka yi ta hira har datata ta ƙare.

Ba su bar mu mun tafi ba. 'Yar Baba, wadda ɗazu ta so fasa mini kai da ludayi, da shi ɗin dai ta zuba mana miyar kifi a kan shinkafa. Aka ba ni aron zane da wata tsohuwar riga na saka, aka shanya shaddata a baranda. Haka na zauna a falon da na yi wa ƙaryar gwamna, ina cin abinci kaina a ƙasa, Baba na nuna wa Luba hotunan bango yana gaya mata ko su wane ne. Rediyon ma, ya ce, a wajen wani gwanjo ya saye ta, kuma ba ta taɓa yin magana ba tun da ya kawo ta. Da za mu tafi na roƙe shi gafara har ƙasa. Ya ce ya yafe, da sharaɗin hular ta zama tasa, domin ta yi masa kyau. Ya nuna mana ainihin gidan tarihin, can gaba kaɗan, da allonsa da mai gadinsa da komai. Na ce na gode, na ƙoshi.

A hanyar dawowa Luba ba ta ce mini komai ba. Sai dai lokaci-lokaci in ji kujerar mota na girgiza, in juya in ga ta cusa fuska a mayafi.

Na yi ta ja da zuwa Shagari har sai da babu sauran dalili. Ranar da muka je, tun daga bakin hanya yara suka fara kama hancinsu suna gudu. Na shiga zaure da guntun mutuncin da ya rage mini. Baffa na zaune a kan buzunsa, da tabaran karatu a fuska, yana duba wani littafi. Na durƙusa nesa kaɗan, na sunkuyar da kai. Ya ɗago ya dube ni. Bai yi murmushi ba. A hankali ya cire tabaransa, ya naɗe, ya saka a aljihu, ya dafe aljihun da hannu. Sannan ya ce, "Malam, an dawo lahiya?"

Daga bayan labule na ji wata ta faɗi ƙasa don dariya.

Na dai koyi darasi, kuma na riƙe shi da kyau. Tun daga lokacin, duk abin da na tarar a zaune ko a kishingiɗe, sai na tsaya daga nesa na yi masa sallama na jira amsa. Kwanan baya a kasuwar Bodinga na ga wani dattijo ya lulluɓa a gindin wata rumfa. Na rusuna na gaishe shi, na tambaye shi gida da iyali da gajiya, na maimaita da ɗan ƙarfi ko bai ji ba. Mai rumfar ya leƙo ya ce, "Malam, wanga ai buhun albasa na."

Ko kunya ban ji ba. Na ce, "To, in ya tashi a ce ina gaishe shi."